Dardumar Tsoho a Bakin Bahar Maliya

Kakana na wajen uwa ya iso Alƙahira da hannunsa na hagu cikin aljihun jamfa, kuma da niyyar ya bar shi a can. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya taɓa shi a gida. Allah ya taƙaita abin, ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, sai hannun nan ya yi nauyi. Kawu, ƙanin mahaifiyata da ke aiki a ofishin jakadanci, shi ya matsa aka kawo shi Masar a duba shi. Ni kuwa a gidan Kawun nake zaune a unguwar Ma'adi, ina karatun haɗa magunguna a jami'ar da ke Giza, saboda haka ni aka ɗora wa raka shi asibiti wajen gashin hannun.

Likitar da ke masa gashin 'yar Masar ce mai faɗa, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce hannun ya farfaɗo fiye da yadda mai shi yake nunawa, amma idan ya ci gaba da kwana a aljihu zai sandare, kuma idan ya sandare ba ita ba, ba wani likita ba. Na fassara masa duka, har da faɗan. Ya gyaɗa kai ya ce, “To, likita, an gode.” Muna fita ƙofa hannu ya koma mazauninsa. Ƙwallon robar da ta ba shi ya riƙa matsawa kuwa, da ita ya tokare ƙofar baranda don iska ta shigo.

Abin da ya riƙa ba ni haushi shi ne yadda ɓoyon ya zo masa da sauƙi. Bahaushe zai iya shekara bai nemi hannunsa na hagu a gaban mutane ba. Da dama yake ci, da dama yake gaisawa, da dama yake karɓa yake bayarwa, carbi ma a dama yake. Tun muna yara, duk wanda ya miƙa wa babba abu da hagu a gidanmu sai an kwaɗe masa hannun. Baƙi suka yi ta zuwa duba shi, ɗaliban Nijeriya da ke unguwar Hayyin Ashir da abokan aikin Kawu, kowa ya fita yana cewa ai Alhaji ya warke sarai. Ni da nake fassara maganar likita na san bai warke ba, kuma na san lokaci yana tafiya.

Wuri ɗaya ne a duniya inda hannun hagu ke da daraja a wajensa. Kakana tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma a bayan tashar garinmu akwai filin golf da Turawa suka bari. Tun kafin a haifi mahaifiyata yake buga wasan nan. Idan rediyo ta kira shi ƙwallon lambu sai ya yi dariya har hularsa ta karkace, don filinsu babu abin da ya haɗa shi da lambu. Ƙasa ce mai tauri, da tsakuwa da ƙaya da awaki. Kewayen ramin ma, inda a talabijin ake ganin ciyawa lallausa, su yashi ne aka cuɗa da baƙin mai aka daddaɓe. Saboda taurin ƙasar kowane ɗan wasa yana yawo da guntun kafet kore, bai kai tsawon kamu ɗaya ba, duk inda ƙwallo ta tsaya sai ya shimfiɗa shi ya ɗora ta ya buga. Darduma suke ce masa. Ya sha gaya mana cewa a wannan wasa kaɗai hannun hagu ne liman, na dama mamu ne.

Ina jinsa ranar da ya buga wa wani abokinsa waya gida, ya ce ya je ya kwashe sandunan wasansa, shi ya gama da su. Ya faɗa yana dariya, kamar tsofaffin takalma yake kyautarwa. Bayan nan ne ina gyara masa akwati na ga dardumar a can ƙasa, a naɗe, ƙarƙashin hulunansa. Mutumin da ya gama da wasa ba ya ɗauko guntun kafet daga Nijeriya ya tsallako ƙasashe da shi. Na ɗauke ta na saka a jakata ban ce wa kowa ba.

Kawu ba ya iya haɗa ido da mahaifinsa, balle ya yi masa musu. Ni kuwa jika ce, akwai wasa tsakaninmu. Amarya yake ce mini, ni ina ce masa Tsoho, kuma abin da 'ya'yansa ba za su iya faɗa masa ba ni nakan faɗa in kwana lafiya. Na bincika na gano akwai filin wasan a bakin Bahar Maliya, can kudu da garin Sukhna, na samu Kawu da maganar.

“Idan Baba ya yi fushi fa?” in ji Kawu.

“Ni zai yi wa, Kawu. Kai dai ka tuƙa mota.”

Shi kuwa Tsoho ce masa na yi za mu kai shi ya ga tekun da ya cinye Fir'auna. Ya taɓa wucewa ta samansa a jirgin alhazai, amma kujerarsa ba ta bakin taga ba ce, kuma abin ya tsaya masa a rai. Nan da nan ya yarda, har ya sa aka goge masa farar jamfa.

Muka fita da sassafe kafin Alƙahira ta cushe. Da gine-gine suka ƙare sai hamada, titi ɗoɗar, manyan motoci suna wuce mu suna girgiza ƙaramar motar Kawu. A Sukhna titin ya karya kudu, sai ga ruwa a hagunmu, shuɗi har ya yi yawa, duwatsu jajaye a dama kamar za su faɗo kanmu. Tsoho ya manna fuska a gilashi yana tasbihi. Muka tsaya shan shayi a wata rumfa, ya sa na tambayi mai shayin daidai inda Fir'auna ya nutse. Mutumin bai ko yi tunani ba ya nuna bayan rumfarsa. Can gaba da muka tsaya shan mai, mai gidan man shi ma ya nuna bayan nasa shagon, har da rantsuwa. Tsoho ya ce to lalle Fir'auna ya sha wuya, tunda sau biyu ya nutse. Wajen Za'afarana muka ratsa ta cikin fankokin nan masu ba da lantarki, dogaye farare, sun cika hamada suna juyawa. Ya ce ashe su ke hura wa Masar wannan iska, a ce su rage.

Ina dariya, amma hankalina yana kan aljihun nan. Duk tsayawar da muka yi ina kallon hannun. Ya sha shayi da dama, ya nuna teku da dama, ya gyara hula da dama.

Da hantsi Kawu ya saki babban titi ya shiga wata ƙofa. Muka hau wani ɗan tudu, sai filin ya buɗe a gabanmu. Babu bishiya ko ɗaya. Ƙasa ce mai tudu da kwari ta bi bakin ruwa, an lulluɓe ta da ciyawa kore shar, nan da can akwai ramukan yashi masu zurfi, ga 'yan tutoci iska tana neman yage su. Irin wannan fili na bakin teku haka ake barinsa a buɗe, iska ita ce rabin wasan. Tsoho ya daɗe yana kallo.

“Ke ce ko shi?” ya ce, bai juyo ba.

“Ni ce.”

“Na sani. Shi ba shi da wannan ƙarfin halin. Juya motar nan.”

Hannun Kawu har ya kai kan giya. Na ce, “Wa ya ce da kai ake? Ni zan buga. Tsoho mai hannu ɗaya, me za ka buga? Ka zauna ka yi kallo.”

Kawu ya ƙware da yawunsa. Ni kaina da maganar ta fito sai da na ji ta yi mini nauyi a baki, don wasan jika ma yana da iyaka, kuma ban san ko na tsallake ta ba. Tsoho ya dube ni ta madubi, kallo mai tsawo. Sannan ya ce, “To. Mu ga abin da mai hannu biyu za ta yi.”

Ranar aiki ce, filin kusan babu kowa. Mai kula da shi wani dattijo ne ɗan Masar, rana ta gasa shi, gashin bakinsa fari fat. Ya dubi abayata da takalmin gudu, ya dubi jamfar Tsoho da hularsa, ya ce ma'alish, wato ba komai, yau babu wanda zai yi ƙorafin tufafi. Ya ba mu hayar jakar sanduna da 'yar motar lantarki da ake yawo da ita a fili, Kawu ya zama direba a karo na biyu. Dattijon ya ce zai biyo mu a tasa motar ya nuna mana hanya, don a irin wannan fili baƙo yakan ɓata.

Ban taɓa riƙe sandar nan ba a rayuwata. Na kafa ƙwallo a kan ɗan tsinken da aka ba ni, na damƙi sanda kamar taɓarya, na ɗaga na zabga. Iska na daka. Na sake, wannan karon na haƙo ƙasa da ciyawa guntu guda, ya tashi ya faɗi gaba, ƙwallo tana nan inda take ko motsi ba ta yi ba.

“Innalillahi! Ke, ciyawar mutane!”

Ban san lokacin da ya sauko daga motar ba. Da ma na shirya zan yi wasan banza da gangan don in tunzura shi, sai ya zama ba na buƙatar shiri, iyakar iyawata ke nan, kuma wannan ya ɗan ƙona mini rai. Ya tsaya a gabana yana gyara mini yatsu da hannunsa na dama. “Ba haka ba. Wannan ya hau kan wannan. Ke ba kya ji ne? Hagu ne a sama.” Na gyara, ya ce na ƙara ɓatawa. Na sake gyarawa, ya yi tsaki. Can ya fizge sandar, kuma don ba a nuna riƙon nan da hannu ɗaya, sai ga hannun hagu ya fito.

Tunda ya zo ban taɓa ganinsa a hasken rana ba. Ya rame, fatar ta yi haske, yana ɗan rawa. Yatsun suka lalubi kan sandar a hankali, suka naɗe ta ɗaya bayan ɗaya, babban yatsa ya kwanta inda ya saba kwanciya. Kawu ya juya yana kallon teku kamar an aike shi ƙirga jiragen ruwa.

“Haka ake yi,” in ji Tsoho, ya miƙo mini.

Na ƙi karɓa. “Ban gane ba. Buga ɗaya in gani.”

“A kan wannan?” Ya nuna ciyawar da ƙafa, bai ma yarda ya taka ta sosai ba. “Kin san wahalar da wani ya sha kafin wannan ta fito a cikin hamada? Wannan ba ta sara ba ce. Ni ban taɓa bugawa a kan ciyawa ba, kuma babu darduma.”

Na zuge jakata na fito da ita.

Ya dubi dardumar, ya dube ni. “Ɓarauniya.”

“Gadona na ɗauka tun kana raye.”

Ya karɓa. Ya tako gaba kaɗan, ya durƙusa a hankali, ya ce bismillahi, ya warware ta a ƙasa yana shafe ta da tafin hannu. Dattijon nan mai kula da fili yana ganin haka sai ya kashe motarsa, ya cire hular rana, ya ɗaga wa wani mai yankan ciyawa can nesa hannu ya tsayar da injinsa. Sannan ya matso cikin ladabi ya taɓa kafaɗar Tsoho, ya nuna tsallaken ruwa.

“Ya hagg, alƙibla nan take.”

Hagg shi ne Alhaji a bakin mutanen Masar. Sai da na fassara sau biyu kafin Tsoho ya gane. Ya dubi 'yar dardumarsa da ko gwiwoyinsa ba za ta ɗauka ba, ya dubi mutumin da ya tsaya da hula a hannu yana jiran a tayar da salla da hantsi, sai dariya ta kece masa. Ya yi ta yi har da hawaye, Kawu ya kama, ni ma na kama. Na yi wa dattijon bayanin filin garinmu da tsakuwarsa. Ya riƙe baki, ya ce shi tunda yake bai taɓa jin inda mutum ke yawo da ciyawarsa a hammata ba. Ya ce tamam, ba laifi, hagg ya buga yadda ya saba.

Bugun farko bai yi kyau ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba don yana kakana. Sandar ta murɗe a hannunsa, ƙwallo ta yi 'yar tafiya a ƙasa kamar ɓera, ta gangara ta faɗa cikin wani ramin yashi. Dariyar ta ɗauke.

“Kin gani ko?” ya ce a hankali. Na ga hannun ya kama hanyar aljihu.

Dattijon ya girgiza kai, ya ce wannan ramin mugu ne, har Turawa yana sa su zagi, a ɗauko ƙwallon kawai a ajiye a waje. Na fassara. Tsoho ya taka zuwa bakin ramin ya leƙa. Ya daɗe yana kallon yashin.

“Me ya ce? A ɗauko?” Ya miƙo hannu. “Ba ni sandar nan mai faɗin baki. Wannan ai gida ne.”

Kawu ya riƙe shi ya sauka. Ya murza ƙafafunsa cikin yashi har suka zauna, ya yi wani ɗan lilo da sanda ba tare da ƙarfi ba, ya buga. Yashi ya tashi, ƙwallo ta fito daga cikinsa ta haye bakin ramin, ta sauka can gaba a tsakiyar fili tana gudu. Dattijon ya yi fito. Tsoho ya hauro yana kakkaɓe wando, bai dubi kowa ba, amma na san wannan tafiyar tasa, ita yake yi idan ya dawo gida ranar da ya ci abokansa.

Daga nan ba wanda ya sake maganar ni zan buga. Na koma mai ɗaukar darduma, in shimfiɗa in naɗe. Wasan bai zo masa da sauƙi ba. A kewayen rami na farko ya buga da ƙarfin da ya saba yi a kan yashi da baƙin mai, ƙwallo ta wuce ramin ta wuce tutar ta gangara ta ɗaya gefen, ya bi ta da kallo ya ce wannan ciyawa ba ta da birki. Da ya samu ya jefa ta sai ya tsaya yana waige-waige, wai yana neman tsumman da ake ja a share sawu don mai zuwa, kamar yadda suke yi a gida. Amma iska ba ta ba shi tsoro ba. Ba ya ɗaga ƙwallo sama inda za a sace masa ita, ƙasa-ƙasa yake korarta, ta sauka da wuri ta ƙarasa da gudu. Ya ce a gida don tsakuwa suke yin haka, ashe a nan ma yana da rana.

Wani bugun ya yi kyau, wani ya lalace. Sau biyu sandar ta kusa kuɓuce masa. Na ga hannun yana ƙara rawa, na ce mu huta, ya ce in rufe masa baki. Da azahar ta yi muka tsaya, Kawu ya ɗauko dardumar gaske, dattijon ya sake nuna alƙibla, wannan karon ba wanda ya yi dariya sai ni.

Mun shirya a rami na tara za mu tsaya, don kada a wuce gona da iri. Shi ne wanda ya fi kusa da ruwa. Tutar tana kan wani harshen ƙasa da ya shiga teku, igiyar ruwa tana dukan duwatsu a gefensa, iska kuwa a nan ta fi ko'ina hauka. Bugu biyu suka kawo Tsoho inda yake hango tutar sosai. Na shimfiɗa darduma, ya juya zai zaɓi sanda, ni kuma na saki gefenta don in kama mayafina da ke neman tashi. Shi ke nan. Iska ta shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta.

Kawu, babban ma'aikaci mai takalmi sau ciki, ya zura da gudu yana kiran darduma kamar tana ji. Ta yi birgima a kan ciyawa, ta tashi, ta sake sauka, ta haye duwatsun ta faɗa ruwa. Muka tsaya muna kallonta tana lilo a kan igiyar ruwa, tana ƙara nisa.

“Ta nufi Jidda,” in ji Tsoho. “Ta riga ni komawa umara.”

Ya so ya yi dariya, muryar ta ƙi. Wannan guntun kafet ya girmi mahaifiyata, kuma daga hannuna ya kuɓuce. Na ji kamar in bi shi cikin ruwan. Tsoho ya jingina sandar a jikin mota ya ce, “Khalas. Mu tafi.” Kalmar Larabcin Masar da ya fara kamawa ke nan, wato an gama, kuma ban taɓa tsanarta ba sai ranar.

Dattijon ya tambaye ni abin da ya hana hagg ƙarasawa. Na ce ba ya son ya sari ciyawa. Ya kama baki, ya je motarsa ya ɗauko wata gora cike da yashi da iri, ya nuna masa. Ya ce a gaya wa hagg don a sare ta aka shuka ta, kowane ɗan wasa yana sara. Idan guntu ya tashi sai a ɗauko a mayar da shi gurbinsa a danna, in an kwana biyu ba za a gane wurin ba.

“Tambaye shi, tana kamawa da gaske?”

Na tambaya. Ya ce wallahi tana kamawa, in dai ba a bar ta a yashe ta bushe ba.

Ina da maganganu cike da baki, irin na likitar nan mai faɗa, amma Allah ya taimake ni na haɗiye su. Na ɗauki ƙwallon na ajiye ta a kan ciyawa tsirara, na ɗauko sandar na riƙe masa ta wajen hagunsa.

Ya karɓa. Ya tsaya a kan ƙwallon ya daɗe, jamfarsa tana kaɗawa, yatsun hagu suna buɗewa suna rufewa a kan sanda. Sannan ya ja ta baya a hankali, ya sauko da ita gaba ɗaya, babu tausayi. Na ji wata ƙara da ban ji ba duk ranar, ƙara mai tsabta. Guntun ciyawa ya tashi. Ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa ta ƙarƙashin iska, ta sauka kafin tudun, ta haye shi da gudu, ta karkata ta nufi tuta, ta yi ta tafiya har ta tsaya kusa da ita, tazarar da ba ta fi tsawon tabarma ba.

Na rangaɗa guɗa. A filin da ake magana ƙasa-ƙasa, ni 'yar jami'a mai abaya na buɗe maƙogwaro na rangaɗa ta har mai yankan ciyawa ya juyo, kuma ko yau aka sake zan sake. Kakana ne wannan, na filin tsakuwa da awaki, da hannun da aka ce ya mutu. Ban taɓa jin alfahari da wani mutum kamar yadda na ji a bakin ruwan nan ba.

Shi bai ma tsaya ganin inda ƙwallon ta tsaya ba. Ya taka zuwa inda guntun ciyawar ya faɗi, ya dogara sandar da hannun dama ya durƙusa, ya ɗauko shi da hagu. Ya dawo da shi gurbinsa, ya daidaita bakinsa, ya danna da tafin hannu, ya sake dannawa. Na ji yana ce wa ciyawar, “Yi haƙuri.” An shayar da wurin da safe, ƙasar baƙa ce jiƙaƙƙiya, hannun ya fito dumu-dumu da taɓo.

Bugu biyu ya yi kafin ƙwallon ta faɗa ramin, ya ce laifin ciyawar ne. Ya yi sallama da dattijon, suka rungumi juna kowa yana magana da harshensa. A mota ya dubi hannunsa, ya dubi farar jamfarsa da aka goge.

“Amarya, ba ni tishu.”

“Babu,” na ce. Akwai kwali guda sabo a jakata.

Haka muka kamo hanyar Alƙahira, teku ya koma damanmu, hannun yana kan gwiwarsa a buɗe, taɓo yana bushewa a kai. Aljihu fari ne, ba zai saka shi ba. Amma na san dabarata ba ta wuce la'asar ba. A Sukhna muka tsaya a wani masallacin bakin titi, suka shiga shi da Kawu, ni na yi tawa a ɓangaren mata na riga su fitowa. Na zauna a mota ina kallon ƙofa, na san ya yi alwala, hannun ya fita tas, babu sauran abin da zai hana shi komawa inda ya fito.

Ya fito yana saka takalmi. Waya ce a hannunsa na hagu, ya kara a kunne, dama tana ta nuni a iska kamar wanda ake kira yana ganinsa. Da ya buɗe ƙofar mota na ji yana cewa, “A'a, aro na ba ka, ni ban ce kyauta ba. Ka mayar mini da su gida yau ɗin nan. Kuma ka sa a nemo mini guntun kafet, kore.”

Ban san na fara kuka ba sai da na ji hancina ya toshe. Na zuge jaka na ciro kwalin nan ina kokawa da bakinsa. Tsoho ya kashe waya ya juyo, ya dubi kwalin, ya dube ni.

“Ashe akwai tishu, amarya.”

Ya karɓe kwalin ya ɗora a cinyarsa, ya zaro ɗaya ya miƙo mini da hagu. Na sa hannu biyu na karɓa.